Ma'anar kalmar "unilateral" da inda fassararta ke karkacewa

Kalmar Ingilishi ta unilateral ba ta rabuwa da labaran siyasa da na hulɗar ƙasashe, kuma sau da yawa akan fassara ta da "shi kaɗai" a wuce. Wannan fassarar tana zubar da rabin ma'anar. Tushen kalmar daga harshen Latin ne, inda aka haɗa unus, wato ɗaya, da latus, wato gefe. Ke nan tana nufin abin da ya fito daga gefe ɗaya. Ana furta ta kamar "yunilataral". Sifa ce. Idan yadda aka yi aiki ake bayani sai a ce unilaterally, idan kuwa gaban kai ya zame wa ƙasa manufa sai a ce unilateralism.

Ba a maganar gefe ɗaya sai akwai wani gefen, kuma a nan ne ma'anar take. Matuƙin da ya tashi da jirgin sama ba kowa tare da shi, kalmarsa ita ce solo. Wanda ya gama aikin mutum biyar ba mataimaki, a kansa ake cewa single-handedly, kuma galibi yabo ne. Ita unilateral tana shigowa ne idan akwai wanda lamarin ya shafa, wanda ya kamata a ji ta bakinsa, amma ba a jira amincewarsa ba. A ce mutum biyu sun haɗa jari sun sayi motar aiki, ɗaya ya sayar da ita, ɗayan sai dai ya zo da safe ya tarar da sawun taya. Abin da mai sayarwar ya yi shi ne unilateral decision. Da Hausa, ya yi gaban kansa.

A tarihi, misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Rodeshiya. Ranar 11 ga Nuwamba 1965, gwamnatin fararen fata tsiraru ta Ian Smith ta ayyana 'yancin kai ba da yardar Birtaniya mai yi wa ƙasar mulkin mallaka ba, aka kira sanarwar Unilateral Declaration of Independence. Babu ƙasar da ta amince da ita a hukumance, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba mata takunkumi, sai a 1980 ƙasar ta sami 'yancin da duniya ta yarda da shi da sunan Zimbabuwe. Da kalmar unilateral ɗin ma aka siffanta ficewar Amurka daga yarjejeniyar nukiliyar Iran a watan Mayun 2018, domin sauran ƙasashen da suka sa hannu ba su bi ta ba. Kishiyoyin kalmar su ne bilateral, tsakanin ɓangare biyu, da multilateral, tsakanin ɓangarori da yawa.

Inda mai fassara ya fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar "gaban kai" ya liƙa ko'ina. A kunnen Bahaushe gaban kai zargi ne, alhali kalmar Ingilishin ba kullum take zargi ba. Unilateral ceasefire na nufin ɓangare ɗaya ya tsagaita wuta bai jira abokin faɗansa ya yi alkawari ba. Idan aka ce "sun yi gaban kansu sun tsagaita wuta", an mai da sassauci ya zama laifi, kuma wannan ba ƙaramar illa ba ce ga mai sauraro. Abin da ya dace shi ne "sun tsagaita wuta bisa raɗin kansu" ko "daga ɓangarensu kaɗai".

A asibiti kuma kalmar tana komawa tushenta ne zalla. Likita ya rubuta unilateral hearing loss, yana nufin kunne ɗaya ne ba ya ji sosai, ɗayan lafiya lau. A fannin shari'a akwai unilateral contract, kamar wanda ya yi shelar zai ba da tukuici ga duk wanda ya tsinto masa abin da ya ɓata. Shi kaɗai alkawarin ya ɗaure, ba a tilasta wa kowa ya fita nema ba, amma wanda ya ji shelar ya kawo abin, biyansa ya zama dole.