Ƙaramar bindigar zamani: tambayoyin da ake yawan yi kan ƙirarta

Wai me ake nufi da ƙaramar bindiga ne, ba duk fistol ƙarama ba ce?

A'a, su ma suna da mataki-mataki. Ɗauki bindigogin kamfanin Glock misali, Glock 17 ita ce babbar, sojojin Austriya suka fara amfani da ita a 1982, tana ɗaukar harsashi 17. Sai a 1988 aka fito da Glock 19, aka ɗan rage mata tsawon baki da ƙota, harsashi ya koma 15, to ita ce mutane suka fi nufi in sun ce matsakaiciya. Akwai wadda ta fi ta ƙanƙanta kuma, Glock 26, harsashi 10, ƙotarta gajeriya ce sosai har ƙaramin yatsanka ba shi da inda zai zauna.

Da gaske da roba ake yinta, kuma na'urar filin jirgi ba ta ganinta?

Wannan maganar ta daɗe tana yawo kuma ƙarya ce. Jikin ƙasa, wato ƙota da inda kunama take, shi ne na roba mai tauri, amma saman da ke zuwa gaba da baya da bututun da harsashi ke bi duk ƙarfe ne, nauyin bindigar ma yawanci can yake. Tsoron nan ne ma ya sa Amurka ta kafa doka a 1988 kan bindigar da na'ura ba ta gani, alhali Glock ba ta cikinsu. Abin mamaki shi Gaston Glock, wanda ya kafa kamfanin, ba maƙerin bindiga ba ne asali, sandunan labule da wuƙaƙe yake yi, ƙwarewarsa kan roba ce ta kai shi.

To me ya sa ba a ganin guduma a bayanta kamar na da?

Saboda yawancin na yanzu allurar da ke bugun harsashin tana ɓoye a ciki ne, sifirin ke riƙe da ita, jan kunama ne kawai ke sakinta. Ba abin da zai maƙale a riga, kuma nauyin jan kunama ɗaya ne daga harbin farko har na ƙarshe. Glock ba ta da maɓallin kulle a waje ma, kariya uku ce a cikinta, ɗaya kan kunama, ɗaya tana tare allurar, ɗaya kuma don in ta faɗi ƙasa kada ta tashi. Amma fa duk wannan ba ya hana ta tashi in yatsa ya ja, shi ya sa masu koyarwa ba sa gajiya da cewa a cire yatsa daga kunama.

Ya aka yi ƙananan yanzu suke ɗaukar harsashi da yawa?

Nan ne kamfanin SIG Sauer ya girgiza kasuwa a 2018 da bindigarsa P365. Kafin nan siraran irin Glock 43 harsashi 6 suke ɗauka saboda a layi ɗaya ake jera su, sai SIG Sauer kuma suka yi magazin, wato gidan harsashi, mai layi biyu a ƙasa yana tsukewa zuwa sama, harsashi 10 ya shiga cikin bindigar da faɗinta bai wuce inci ɗaya ba, kafin ka ce me sauran kamfanoni duk sun bi sahu.

Ke nan ƙarama ta fi sauƙin harbawa?

Ko kusa, a nan mutane suka fi ruɗewa. Harsashin dai 9mm ne iri ɗaya da na babbar, amma ita ba ta da nauyin da zai shanye ƙarfinsa, sai ta riƙa tsalle a hannu, ga ƙota ba ta cika tafi ba, ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta ragu, kuskure kaɗan sai ya zama babba. Shi ya sa yanzu ake yanke wuri a samanta a ɗora ɗan gilashi mai jan ɗigo don saiti. A ganina 19 ɗin ce aka fi daidaita ƙirarta, ba ta yi girma ba kuma ba ta wahalar da hannu.

A Najeriya mutum zai iya mallakarta?

Dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol cikin jerin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa, ba irin bindigar farauta ba ce da ake neman izininta wajen 'yan sanda.