Adana zafi don samar da wutar lantarki

Adana zafi don samar da wutar lantarki hanya ce ta tara makamashi a jikin abu mai riƙe zafi, kamar gishiri, duwatsu ko tubalan girafait (baƙin ma'adinin da ake yin bakin fensir da shi), sannan a mayar da zafin lantarki sa'ad da babban layin wuta yake buƙata, musamman da dare ko idan iska ta lafa. Araha ce ta sa ake zawarcin wannan hanya, domin gishiri da dutse sun fi batirin litiyam sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

An fi amfani da narkakken gishiri. Ba na miya ba ne, haɗi ne na sodiyam naitret kashi 60 da fotasiyam naitret kashi 40. Ana zuba shi a tankuna biyu, ɗaya mai zafin digiri 290 a ma'aunin Salsiyos, ɗaya mai 565. Madubai ne ke tattara hasken rana su zafafa shi. Da an buƙaci wuta sai a tafasa ruwa da shi, tururin ya juya injin janareta. Tashar Gemasolar ta Sifen, wadda ta fara aiki a 2011, tana iya ba da wuta awa 15 ba rana. Noor III ta Warzazat a Maroko, mai ƙarfin megawat 150, tana yin kimanin awa 7. Aibin gishirin shi ne idan ya huce ya kusa digiri 220 sai ya daskare ya toshe bututu.

A 2019 kamfanin Siemens Gamesa ya gwada adana zafi a duwatsun aman wuta tan 1,000 a Hambag ta Jamus.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen mayar da zafin lantarki. Abin da injin tururi ke mayarwa lantarki ba ya cika wuce kashi 40 cikin ɗari na zafin, alhali batiri yana dawo da kusan kashi 90 na abin da aka zuba masa. Shi ya sa masu bincike suka koma ga zafi mai tsanani. A 2022 masana na jami'ar MIT da cibiyar binciken makamashi ta NREL a Amurka suka nuna wani irin faranti, ɗan'uwan na sola, da ke karɓar hasken abin da ya yi jawur tsakanin digiri 1,900 da 2,400 ya mayar da fiye da kashi 40 lantarki, ba tare da wani ƙarfe mai juyawa ba. A tsarinsu, narkakkiyar kuza ce za ta riƙa ɗaukar zafin ta bututun girafait.