Magungunan sa barci da na sakin tsoka

Magungunan sa barci da na sakin tsoka rukuni biyu ne da ke rage kaifin aikin jijiyoyi. Na farko ƙwaƙwalwa suke kwantarwa, na biyu kuma tsokar da ta ɗaure suke sassautawa. A Garwa, Marwa da Njamena an fi sanin su da sunayen kamfani: Valium, Gardénal, da Coltramyl na sakin tsoka.

Ƙwaƙwalwa tana da nata birki, wato sinadarin GABA, wanda ke hana ƙwayoyin jijiya aika saƙo barkatai. Diyazefam, wato Valium, ba ya ƙirƙiro birkin, ƙara masa ƙarfi yake yi. Shi ya sa ƙwaya guda take kawo barci, ta rage fargaba, ta saki jiki, ta kuma tsayar da jijjiga. Leo Sternbach ne ya haɗa shi a kamfanin Roche, ya shiga kasuwa a 1963. Gardénal ya girme shi nesa, tun 1912 ake amfani da sinadarinsa, fenobabital, kuma har gobe yana cikin magungunan farfaɗiya masu araha a asibitocin yankin. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya jefa cikin jijjiga, diyazefam ake ba shi, sau da yawa ta dubura.

Barcin ƙwaya

Barcin lafiya zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90: marar nauyi, sai mai zurfi, sai na mafarki. A mai zurfin ne jiki ke warware gajiya. Diyazefam da danginsa suna sa ido ya rufe da wuri, amma suna gutsure barci mai zurfi, su tsawaita marar nauyin. Fenobabital kuwa na mafarkin yake dannewa. Mutum sai ya kwana kamar gawa, ya tashi jiki a mace, kai ya yi nauyi, ya kasa tuna maganar da aka yi da shi daren jiya.

Dalili shi ne maganin ba ya barin jiki da wuri. Kafin rabin diyazefam ya fita daga jini ana ɗaukar awa 20 zuwa 50, abin da hanta ke mayar da shi kuma ya fi haka daɗewa. Mai haya da babur da ya sha da dare saboda zafin Afrilu ya hana shi runtsawa, da sauran mayen zai shiga titi da hantsi. Tsoho kuma jiri ke kayar da shi a hanyar alwala.

Bayan 'yan makonni jiki yakan saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. In aka yanke kwatsam, rashin barcin ya dawo fiye da na da, ga karkarwa da gumi, wani lokaci har da jijjiga. Don haka likitoci ke taƙaita shi zuwa mako 2 zuwa 4, su kuma janye shi sannu-sannu. Masu tallar magani a tire, waɗanda a Cadi ake kira Dokta Cuku, ƙwaya biyu ko uku suke ɓallo wa mai saye, babu kwali balle takardar bayani.

Masu sakin tsoka

Waɗanda ake rubutawa don ciwon baya ko sanƙarar wuya, mafi yawansu ba tsokar suke taɓawa ba. A laka da ƙwaƙwalwa suke aiki, kamar baklofen, kuma kasala da gyangyaɗi na biye da su. Myolastan, da ya yi tashe a ƙasashen da ke sayo magani daga Faransa, an dakatar da shi a Turai a 2013 saboda mummunar illa ga fata.

Na ɗakin tiyata daban ne. Asalinsu kurare, dafin kibiyar mafarautan Kudancin Amurka, wanda Harold Griffith ya shigar cikin aikin tiyata a Kanada a 1942. Suna tare saƙo a mahaɗar jijiya da tsoka, har tsokar numfashi. Ba sa kawo barci ko kaɗan: wanda aka yi wa su kaɗai yana ji yana gani, motsi ne ba ya iyawa. Saboda haka sai an gusar da hankali an kuma jona na'urar numfashi.

Haɗari mafi girma yana wajen gauraye. Diyazefam shi kaɗai da wuya ya kashe babban mutum, amma in ya haɗu da tramol ko barasa, ko da bilbil ce, wato giyar dawa ta gargajiya, cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa na iya yin sanyi. Alamarsa munshari mai yankewa, leɓe ya yi duhu, a girgiza mutum ya ƙi farkawa. Irin wannan ana kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti.