Karatun shari'a: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara da zarar sakamakon bak ya fito, wayata ba ta hutawa. Wasu har gida suke iske ni bayan magariba, uba a gaba, ɗa a baya riƙe da takardar sakamako cikin leda. Tambayoyin ba sa canjawa. Ga amsoshin nan na rubuta; wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Ana karatun shari'a a jami'ar gwamnati ta nan Maraɗi?

A'a. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta noma ce da kimiyya da likitanci da fasaha. Ka ɗaure kayanka: ko Tawa, jami'ar Djibo Hamani, ko Yamai, jami'ar Abdou Moumouni. Mai Larabci kuma ga jami'ar Musulunci ta Say.

Bak D gare ni, ba A ba. Zan iya?

Za ka iya.

Samun shiga yana da wuya?

Shiga ba ita ce ke kayar da mutane ba, shekarar farko ce. Zaure cike maƙil, malami yana karanto darasi ta lasifika, kai kana can baya kana rubutu a kan gwiwa. Babu mai kiran suna, babu mai tambayar ina kake jiya. Ƙarshen zango a liƙa sakamako a bango, ka ga waɗanda suka kai 10 bisa 20 ba su cika takarda biyu ba. Yaron da ya saba mushe yana bin sa da bulala a lakkol, nan yake narkewa.

Faransancina ba shi da ƙarfi, amma ai yanzu Hausa ce harshen ƙasa.

Ƙanena, kada ka ruɗi kanka. Gaskiya ne kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki, kuma na yi murna kamar kowa. Amma dokokin da za ka karanta da Faransanci suke, jarrabawa da Faransanci, kuma irin Faransancin da waƙafi ɗaya ke sauya hukunci. Za a miƙo maka hukuncin kotu a ce ka yi sharhinsa cikin awa uku. Wannan hutun da kake kashewa a fada kana dafa shayi, ɗauki littafi ka karanta. Hausarka za ta yi maka rana daga baya, ranar da tsohuwa daga Gidan Rumji za ta zauna gabanka tana bayanin gonar gado.

Nawa zan tanada?

Alhaji, kuɗin rajista a jami'ar gwamnati ba su ne za su karya ka ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne zama: ɗaki in yaro bai samu gado a gidan ɗalibai ba, abinci, kabu-kabu, kwafin darussa, littattafan doka, da kuɗin kar zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, aƙalla sau biyu a shekara. Buris ɗin ANAB, hukumar tallafin karatu ta gwamnati, ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma kada ya ɗora tukunya a kansa, yakan makara. Kuma kada ka lissafa shekara 3 don an ce lisans shekara 3 ce. Ni tawa lisans ɗin shekara 5 ta ci: yajin aiki ya cinye ɗaya, ni da kaina na zubar da ɗaya.

In ya gama lisans ya zama lauya ke nan?

Bai zama ba. Wannan ce tambayar da ta fi ba ni haushi, don an riga an fara kiran yaro "Metir", laƙabin lauya, a unguwa tun yana aji ɗaya. Bayan lisans sai mastar, shekara 2. Sai jarrabawar CAPA, ta shaidar cancantar zama lauya. Sai zaman koyon aiki na shekara 3 a ofishin wani lauya, bisa dokar UEMOA ta 2014 da ta daidaita sana'ar a ƙasashen sefa na yammacin Afirka. Ku haɗa lissafin: shekara 8 in ba a yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ofisoshin lauyoyin kuma galibinsu a Yamai suke.

Katsina na nan kusa, Kano ma haka. Ba gara ya je can ya karanta ba? Ko makarantar kuɗi mai Ingilishi?

To, wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa a tsaye, sai na zauna.

Abu na farko: doka ba lissafi ba ce. Biyu da biyu huɗu ne a Maraɗi da Katsina, amma doka tana tsayawa a Ɗan Isa. Najeriya tsarin Ingila ta gada, inda hukuncin alƙalan baya ke zama madogara. Mu na Faransa muka gada, inda komai ke cikin kundi, lamba bayan lamba. Harkar kasuwancinmu kuma dokokin OHADA ke tafiyar da ita, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa ƙasashe 17, babbar kotunta tana Abijan, kuma Najeriya ba ta ciki. Yaron da ya yi shekara 5 a Kano ko Zariya, ya ƙara 1 a makarantar lauyoyi, zai dawo da ilmi na gaske, amma ilmin wata ƙasa. In burinsa zama alƙali a Nijar ne, ya ɗauki doguwar hanya: sai an tantance takardarsa, sannan ya zauna kwankur da Faransanci tare da waɗanda suka shekara biyar suna cin wannan tuwon.

Amma ba zan ce kada kowa ya je ba. Maraɗi garin fatauci ne, rabin cinikinmu da Kano da Legas yake. Ɗan babban ɗan kasuwa da zai dawo ya riƙe takardun gidansu, kwangila da kwastan da banki, Ingilishi da sanin dokar can na iya yi masa amfanin da ba zai samu a Tawa ba. Haka wanda uwarsa 'yar Jibiya ce kuma a can yake niyyar zama. Mai sha'awar fiƙihun gado da aure ma zai tarar jami'o'in arewacin Najeriya suna koyar da shari'ar Musulunci gefe da gefe da ta boko. Sai dai a tuna iyaka ba kullum take buɗe ba: an rufe ta a 2019, an sake rufewa a 2023, ɗalibai suka koma bin hanyar daji bisa babur.

Makarantun kuɗi kuwa, akwai na kirki, akwai na allo da fenti. Kafin ka biya ko dala, tambayi abu biyu: ma'aikatar ilmi mai zurfi ta amince da wannan takardar? CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun ilmi mai zurfi, ta san da ita? A nuna maka a rubuce, ba da baki ba. Sannan ka tambayi dokar wace ƙasa ake koyarwa. Wani uba ya zo mini da takardar ɗansa bayan shekara huɗu na biya, ya shimfiɗa ta bisa tabarma yana shafawa, ya ce in gaya masa ina za a kai ta. Na daɗe ina kallon hatimin kafin na iya buɗe baki.

Saboda haka amsata ita ce: ya danganta da inda yaron zai zauna ya ci abinci. Ku fara yanke wannan, ku da shi da mahaifiyarsa.

'Yata ce ke so. Ba aikin maza ba ne?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Akwai mata alƙalai da lauyoyi da notar a ƙasar nan, kuma a ajinmu 'yan mata ne suka fi mu riƙe darasi. Ki samo mata masauki na amana, ki bar ta ta tafi.

Zuzu fa, wato alƙali, yaya ake zama?

Kwankur, sannan horo a makarantar koyon aikin shari'a ta EFJN a Yamai. Ba kowace shekara ake buɗewa ba, gurabe kaɗan, masu nema tuli. Magatakardan kotu ma ta nan suke bi.

In duk wannan bai yiwu ba, karatun ya tashi a banza?

Bai tashi ba. Mafi yawan abokan karatuna ba su taɓa sa baƙar riga ba. Suna banki, suna inshora, suna ƙungiyoyin agaji, wasu sun ci kwankur na kwastan ko 'yan sanda ko ENA, makarantar horon ma'aikatan gwamnati, wasu suna ma'aikatar magajin gari suna fama da rigimar filaye. Da yawa sun fara da bautar ƙasa ta shekara 2, wasu daga cikinsu alli aka miƙa musu aka tura su aji. Wanda ya san Dokar Karkara ta 1993 da yadda kotu ke aiki da al'ada a gado da gona, ba zai rasa mai nemansa a jihar nan ba.

Kana da wani a can da zai sa mana hannu?

Ba ni da kowa. Ku kai takardunku kafin a rufe rajista, kuma ku duba sunan da ke kan takardar haihuwa ya yi daidai da na bak, harafi da harafi.