Waiwaye: Yadda santsi da taɓo suka raba gidan Malam

A Kano har gobe akan ji dattijo ya ce wane ɗan santsi ne, wane ɗan taɓo, matasa kuwa su yi ta kallonsa. Sunayen ɓangarori biyu ne na jam'iyyar PRP, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta tun kafa ta a 1978, magajiyar jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Jam'iyya ce ta talakawa: teloli, 'yan koli, malaman zaure, manoman da dagatai suka sha ɗaurewa saboda haraji.

A zaɓen 1979 PRP ta ci jihohi biyu, Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Ba su daɗe da hawa ba suka soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU suka yi shekaru suna shan bulala da kurkuku a kansa. Ana cikin wannan murna aka fara jin ƙishin-ƙishin.

A fili, rigimar a kan ƙawance ce. Gwamnonin biyu sun shiga zama da gwamnonin jam'iyyar UPN biyar da na jam'iyyar GNPP biyu, gungun gwamnoni tara masu adawa da gwamnatin Shehu Shagari. Uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi. A 1980 aka kore su, su kuma suka ja nasu ɓangaren ƙarƙashin tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu, suna cewa su ne PRP ta gaskiya. Waɗanda suka bi gwamnoni aka ce santsi ya kwashe su, waɗanda suka tsaya da Malam suka zama 'yan taɓo.

Saɓanin ra'ayi irin wannan zama ɗaya ko biyu a zaure yana iya kashe shi. A ganina abin da ya hana shi mutuwa girman kai ne. Rimi matashi ne mai baki, ga kujera ga jiniya, ga jama'a na tafa masa duk inda ya tsaya. Mutanensa suna ganin su suka ci zaɓe, ba mai juya su kamar yara. Na kusa da Malam kuma suna ganin da bazar wa aka yi rawar? Wanda aka ɗora bai isa ya ɗaga wa wanda ya ɗora shi murya ba. Daga nan kowane ɓangare ya samu maroƙansa da 'yan bangarsa, kuma ɗan banga ba ya cin abinci da sulhu. Har aka kai maƙwabta biyu da suka yi zaman gidan yari tare a zamanin NEPU ba sa gaisawa.

NPN, jam'iyyar Shagari mai mulkin tarayya, ta zuba ido ta kwashi garaɓasa. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi rinjaye, ta tsige Balarabe Musa, jam'iyyarsa kuwa a rabe take, ba ta iya tsaya masa da murya ɗaya ba. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983. Rimi ya sauka daga kujerar gwamna ya koma jam'iyyar NPP, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. A zaɓen wannan shekara Sabo Bakin Zuwo na taɓo ya kayar da Rimi, Kaduna kuma ta faɗa hannun Lawal Kaita na NPN. Ranar 31 ga Disamba soja suka karɓe mulki, aka kwashi Rimi da Sabo duka aka tsare.