Sakoyidosis: Hoton Ƙirji da Awon Jini, Ga Amsoshinku

Ba mako da zai wuce a nan Sakkwato wani bai tare ni da takardar awo a hannu ba, tambayoyin kuma su ne dai na jiya. To, ga su wuri ɗaya.

Mene ne sakoyidosis?

Ƙananan ƙulluttan kumburi ne da garkuwar jiki ke tarawa, galibi a huhu da kaluluwar ƙirji. Ba a ɗaukarsa. Ku daina ware wa maras lafiya kwano.

Tibi ne?

A'a. Amma a hoto suna kama, kuma tibi ya fi yawa a ƙasarmu nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba na rubuta prednisolone, ƙwayar danne kumburi, sai an kai kaki awon GeneXpert na gano tibi. Mai tibi in ya sha wannan ƙwayar ita kaɗai, cutarsa bazuwa za ta yi.

An ce ina mataki na 2, na kusa kaiwa na 4 ke nan?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Matakan da likitan Ingila Scadding ya tsara a 1961 bayanin hoto ne kawai, ba tsani ba ne da dole a hau. A na 1 kaluluwa ce ta kumbura, sau da yawa kuma takan sace da kanta. Na 2 ya taɓa huhu. Na 4 ne tabon da ba ya gogewa.

ACE ɗina ya hau, amma ina jin sauƙi. A ƙara magani?

Nan ne amsar ba ta yankuwa ƙat. Ƙulluttan nan suna fitar da ACE, wani sinadari da ake aunawa a jini, gaskiya ne, amma mutum na iya fama da cutar sosai awon ya fito daidai. Ciwon suga, kuturta, har tibin kansa na iya ɗaga shi. Wani dattijo ya zo mini yana murna nasa ya faɗi ƙasa warwas; da ya zazzage ledar magungunansa a kan tebur, sai ga lisinopril na hawan jini, wanda aikinsa ke nan danne ACE. ESR da CRP kuwa, awon kumburi a jini, ko zazzaɓin cizon sauro yana tashin su.

Don haka, in numfashinka lafiya lau, awon busa na ƙarfin huhu bai ragu ba, hoton bai canza ba, yawanci sai mu sa ido mu sake dubawa bayan 'yan watanni. Na ce yawanci. In hawa bene ya fara gagarar ka, sai a yi hoton CT, domin yana ganin abin da hoton ƙirji ya ɓoye. Hoton PET ke rarrabe kumburi mai rai da tsohon tabo, sai dai yana da tsada kuma sai an yi tafiya mai nisa. Amma bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, suma, ko ido ya yi ja yana dishi-dishi, waɗannan ba a jiran kowace lamba. Ka zo ranar.

Me ya kawo awon kalsiyam?

Ƙulluttan suna ƙara wa bitamin D ƙarfi, kalsiyam ya cika jini da fitsari, ƙoda ta sha wuya har tsakuwa ta fito. Rana ma tana ƙara shi, ga ranar Sakkwato kun san ta. Don Allah ku daina sayen kalsiyam da bitamin D a kyamis ba a auna ku ba.