Sammacin Bashi Ya Zo Gidanka: Abin da Dokar Najeriya Ta Ba Ka

Da yawan waɗanda kotu ke yanke wa hukuncin biyan bashi, rashin zuwa ne ya kayar da su tun kafin a kai ga duba hujja. Masinjan kotu ya kawo sammaci, mutum ya ƙi karɓa, ko ya karɓa ya cusa a aljihu yana cewa ai zai ga mai kuɗin su daidaita. Kotu kuwa ba ta jiran wannan daidaitawar. Muddin alƙali ya gamsu takarda ta isa gare ka, zai saurari mai ƙara shi kaɗai, ya ba shi abin da ya nema. Ƙin karɓa ma ba ya hana komai, don kotu na iya ba da izinin a liƙa takardar a ƙofar gidanka, a ɗauka ta same ka.

Saboda haka da takarda ta shigo hannunka, duba wace kotu ce da kwanakin da aka ba ka. A kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi, waɗanda Legas ta fara a 2018 Kano ta bi sahu, kuma aka fara su da iyakar Naira miliyan 5, komai da gaggawa ake yi. A tsarin Legas kwana 7 gare ka ka mayar da amsa a rubuce, ana kuma son a gama shari'ar cikin kwana 60. Ba dole sai da lauya ba, fom ne ake cikewa a wurin rajistara.

A babbar kotu akwai wata gajeriyar hanya da bankuna da 'yan kasuwa suka fi so. Mai ƙara zai kawo takardar rantsuwa cewa kuɗin sananne ne, kuma a ganinsa ba ka da abin cewa. Idan kana da ja, sai ka shigar da sanarwar cewa za ka kare kanka, haɗe da taka takardar rantsuwar, a kotuna da dama kwana 5 kafin ranar zama. In ba ka yi ba, ranar da aka sa ta hukunci ce. A nan ne mutane ke yin sakaci, su rubuta "ba a bina komai" su tsaya. Alƙalai ba sa ɗaukar musu tsurarsa. Abin da suke nema shi ne ka ce nawa ka karɓa, nawa ka biya, yaushe, ta wane asusu, ga rasit, ga alat. Idan buhunan shinkafar da aka ba ka bashi sun zo da matsala ko ba su cika ba, faɗi nawa ne, da ranar da ka yi ƙorafi. Ba a ce ka ci shari'a a wannan matakin ba, ka dai nuna akwai abin da ya cancanci a zauna a saurari shaidu.

Nauyin tabbatar da bashi yana kan wanda ya ce yana bi. Kana da damar neman ya kawo takardar yarjejeniya da cikakken lissafi, a ware uwar kuɗi daban, kuɗin ruwa daban, tara daban. A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar mutum ya ɓata lokacinsa, musamman a bashin banki, don sau da yawa rigimar a kan ruwa da cajin da aka lafta take. Ruwan da ba a yi yarjejeniya a kansa ba, sai mai ƙara ya nuna inda ya samo shi. Idan kuma wani kamfani ne daban ya zo yana cewa shi aka miƙa wa bashin, ya kawo takardar da ta ba shi wannan hurumi.

Akwai kuma wa'adi. A Abuja da Legas, bashin yarjejeniya ta yau da kullum idan ya wuce shekara 6 daga ranar da ya kamata a biya ba a kai ƙara ba, hanyar kotu ta rufe. Kowace jiha da dokarta, wasu wa'adinsu bai kai haka ba. Amma kai ne za ka ɗaga wannan magana a cikin amsarka. Kuma in ka rubuta wasiƙa da sa hannunka ka amsa bashin, ko ka biya wani ɓangare, lissafi ya koma farko. Wannan kariya ce ta kotu kawai, hakkin mutane yana nan a wuyan wanda ake bi.

A kotun shari'ar Musulunci tafiyar daban ce: hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musanta. Sai dai da zarar ka ce "na karɓa amma na biya", kai ka koma mai da'awa, kai za ka kawo shaidun biya. Wanda ya tabbatar wa alƙali yana cikin ƙunci yana iya neman jinkiri, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni.

Batun 'yan sanda fa? Sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kuma an hana kama ɗan'uwa ko mata a madadinsa. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ko EFCC ba ne. Wanda aka tsare a kan haka yana iya shigar da ƙarar take hakki ya nemi diyya. Amma a yi hattara da cak na banki. Ba da cak alhali babu kuɗi a asusu laifi ne a dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Haka karɓar kuɗi ta hanyar yaudara, wannan ya fita daga bashi ya shiga damfara. Masu ba da rance ta manhajar waya da ke aika wa abokanka saƙon tozarci kuwa, hukumar kare masu saye ta FCCPC ce wurin kai kukansu.

In da gaske ana binka, faɗi abin da ka amsa, ka yi ja a kan sauran, ka roƙi kotu ta yarda ka biya kashi-kashi. Sulhun da aka rubuta alƙali ya mayar da shi hukunci ya fi alkawarin baka, don yana ɗaure ku duka biyu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi ofishin hukumar ba da agajin lauya ta ƙasa da ke jiharsa.

Idan kuma hukunci ya riga ya fita ba ka sani ba, sai dai ka ga an rufe asusunka ko an zo rubuta kaya don gwanjo, je rajistara ka nemi kwafin fayil, ka duba shaidar miƙa sammaci. In ba a kawo maka shi yadda doka ta ce ba, kotun da ta yanke hukuncin na iya soke shi. Umarnin riƙe kuɗin asusu ma hawa biyu ne: na farko na wucin gadi ne, kuma doka ta ce a kai maka shi aƙalla kwana 14 kafin zaman da za a tabbatar da shi. Cikin waɗannan kwanakin ake shigar da buƙatar soke hukunci ko ta dakatar da zartarwa.